Bit 16 ko Bit 24? Nazarin Matsalar Wani Sitidiyon Gida a Tudun Wada, Kaduna

## Asalin lamarin

Mai sitidiyon saurayi ne da ke aiki a ɗakin ƙofar gidansu a Tudun Wada. Yana ɗaukar murya, yana haɗa sauti, yana kuma yin mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙa kafin a sake ta: a daidaita ƙarfinta, a gyara kauri da kaifinta, a fitar da fayil ɗin da za a raba. Masu kawo masa aiki yawancinsu masu ƙasida da bege ne, sai masu waƙar biki da masu karanta littattafan Hausa don ɗorawa a YouTube.

Kayan aikinsa ba su da yawa: laftof mai FL Studio, makirufo guda, sifiku biyu, hedfon, da katin sauti na USB da ya saya na hannu, wato na'urar da ke haɗa makirufo da sifika da kwamfuta. Iyakar katin bit 16 ne a kan kilohaz 48. Tagar ɗakin tana kallon titi. Idan an ɗauke wuta, ƙaramin janareta yake tayarwa a tsakar gida.

Lambobin nan biyu na jikin kati kowacce da abin da take aunawa. Kilohaz 48 na nufin katin yana auna igiyar sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Zurfin bit kuma shi ne yawan matakan da ake rubuta kowane awo da su. Bit 16 yana da mataki 65,536, bit 24 yana da 16,777,216. Kowane bit guda yana ƙara kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da fayil zai iya ɗauka da ƙarar da ke kwance can ƙasa. Saboda haka bit 16 yana ba da kusan desibel 96, bit 24 kuma kusan 144 a lissafin takarda. A ma'aunin kwamfuta sifili shi ne rufi, duk wani sauti ana ƙirga shi ne da yadda ya yi ƙasa da rufin, shi ya sa ake rubuta -20 ko -45. Faifan CD, wanda Philips da Sony suka tsara ƙa'idarsa a 1980, bit 16 ne a kan kilohaz 44.1, kuma an shafe shekaru ana sauraron manyan ayyuka a kansa.

## Nuwamba 2023: ƙorafin farko

Wani dattijo mai ƙasida ya kawo aikin waƙoƙi shida. Tsarinsu iri ɗaya ne: Malam ya buɗe da murya shi kaɗai a hankali, sannan 'yan amshi su shigo, sannan mandiri ya faɗo da ƙarfi. An ɗauke su duka a zama guda da makirufo ɗaya, janareta na aiki, laftof na jone da caja.

Mandiri ya taɓa fasa wa saurayin sauti a wani aiki, alamar ta yi ja, aikin ya lalace. Don haka wannan karon ya sassauta maɓallin ƙarfin makirufo sosai. Bugun mandiri mafi ƙarfi ya tsaya a -20, muryar Malam a buɗewa tana yawo a wajen -45. Ya sa mata ƙofar da ke rufe sauti duk lokacin da mai waƙa ya yi shiru, ya ƙara amsa-kuwwa, ya dusashe ƙarshen kowace waƙa, sannan ya fitar da haɗin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai bit 16. Wannan fayil ya sake buɗewa don mastarin, inda ya ɗaga shi da desibel 26 gaba ɗaya, har da abin da limita, manhajar da ke hana sauti wuce rufi, ta matse.

Bayan kwana biyu Malam ya dawo da jikansa riƙe da waya da abin kunne. Ya ce, "Ɗana, muryar tawa ce, amma akwai wani ƙugi a ƙarƙashinta. Kuma in na ja numfashi, ƙarshen maganar yana yin kaushi kafin ya mutu." Saurayin ya saurara a hedfon, ya ce, "Gaskiya ne, Baba, na ji. A ba ni lokaci."

Ƙorafi biyu ne daban, ƙugi da kaushi, amma a lokacin an ɗauke su abu ɗaya. Abokan sana'a a wani zauren WhatsApp suka yi ittifaƙi cewa laifin bit 16 ne.

## Disamba 2023: gyara biyu da ba su yi ba

Gyaran farko shi ne sauya fayilolin haɗin daga bit 16 zuwa bit 24, daga baya ma zuwa 32, sannan a sake mastarin. Fayil ya ƙara nauyi, sauti bai canza ba ko kaɗan. Minti ɗaya na sitiriyo a bit 16 da kilohaz 48 yana cin kusan megabait 11 da rabi, a bit 24 kuma kusan 17. Ƙarin da aka samu sifilai ne kawai da manhaja ta cike gurbi da su. Wanda ya juye mudun gero ɗaya a cikin buhu, gero dai mudu ɗaya yake da shi.

Gyara na biyu shi ne manhajar cire ƙara. Ya nuna mata wurin da babu waƙa, ta koyi ƙarar, ta cire. Da ya sa ta da sauƙi ƙugin bai tafi ba. Da ya ƙara mata ƙarfi ƙugin ya ragu, amma ta tafi da gindin muryar Malam, haruffa irin su "ha" da "sa" suka riƙa walƙiya suna ɓacewa. A ƙasida da ke da baitocin Larabci wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin masu sauraro suna bin makhrajin harafi. Ya kuma gwada yanke zangon haz 50 da siririn tacewa, tunda wutar Najeriya a kan haz 50 take. Nan ma rabin nasara aka samu. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50, yana ɗan hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, kuma ƙugin yana da 'ya'ya a wajen 100 da 150 da sama, daidai inda muryar dattijo take zaune.

Kaushin ƙarshen baiti kuwa yana nan yadda yake a duk gwajin biyu.

## Janairu 2024: aron kati mai bit 24

Saurayin ya yanke shawarar sayen sabon kati. A shagunan kayan sauti na cikin gari an nuna masa masu bit 24, an kuma nuna masa wani da aka rubuta 32 a kwalinsa, mai shago yana cewa ai lamba mafi girma ita ce gaba. Farashi yana ta hawa saboda faɗuwar naira, don haka kafin ya kashe kuɗi sai ya ari Focusrite Scarlett 2i2 na wani abokinsa a Unguwan Dosa, wanda ke ɗaukar bit 24 har zuwa kilohaz 192.

Ya jona shi, ya buɗe aikin mastarin na Nuwamba, ya sake fitar da waƙa ta farko. A kunnensa kamar an ɗan samu sauƙi. Ya tura wa jikan Malam. Amsa ta dawo cewa babu abin da ya canza.

Abokin ya ce su gwada da lissafi maimakon kunne. Suka jera fayil ɗin da aka fitar lokacin tsohon kati da wanda aka fitar da katin aro, suka kifar da igiyar ɗaya daga ciki, suka kunna su tare. Idan fayiloli biyu daidai suke, ɗaya zai share ɗaya. Shiru suka ji, ma'auni bai motsa ba. Fayilolin ɗaya ne har zuwa lamba ta ƙarshe.

Dalilin shi ne, lokacin da manhaja ke fitar da waƙa, sautin ba ya bi ta cikin katin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke yin lissafin ta rubuta shi a fayil. Katin sauti yana aiki ne a ƙofa biyu kawai: lokacin da murya ke shiga daga makirufo, da lokacin da sauti ke fita zuwa sifika ko hedfon. Wanda ke mastarin a cikin kwamfuta zalla, ba tare da fitar da sautin zuwa wata na'ura ta waje ya dawo da shi ba, ko da ya cire katin gaba ɗaya fayil iri ɗaya zai samu. Sauƙin da saurayin ya ji na gaske ne, amma a hedfon ɗinsa ya tsaya, saboda katin aron ya fi tsabtar fitarwa.

## Fabrairu 2024: awo

A wannan watan dala ta haura naira 1,500, maganar sayen kati mai tsada ta ƙara nisa. Wani maƙwabci ya haɗa saurayin da wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen injiniya na gidan rediyo. Dattijon bai tambayi lambar kati ba. Cewa ya yi, "Yaro, kunna min makirufo, kowa ya yi shiru. Shirun ɗakinka nake so in ji."

Suka mayar da tsohon katin, suka ajiye maɓallin ƙarfi daidai inda yake ranar ɗaukar Nuwamba, suka ɗauki shiru na rabin minti sau biyu. Da janareta da caja a jone, ƙarar ƙasa ta tsaya a wajen -70. Da aka kashe janareta aka zare caja, laftof na kan batir, aka kashe fanka, sai ta sauka zuwa wajen -82. Iyakar bit 16 kanta tana wajen -96.

Dattijon ya sa shi ya ƙara 26 a kan kowace lamba, tunda haka ya ɗaga waƙar. Ƙugin janareta ya hau zuwa -44, wurin da kowane kunne zai ji. Ƙarar ɗaki da ta makirufo ta koma -56. Ta bit 16 ta koma -70. Ƙugin da Malam ya ji ya fi ƙarar bit da desibel 26. Da a ce da kati mai bit 24 aka yi ɗaukar Nuwamba, a wannan ɗakin da wannan janaretan, ƙugin zai shiga yadda ya shiga, sai dai a rubuta shi da matakai masu yawa.

Awon ya nuna wani abu kuma. Murya a -45 ta bar sama da bit 7 a sama ba a taɓa su ba, wato da bit 8 zuwa 9 kacal aka rubuta buɗewar ƙasidar. A bit 24, murya a daidai wannan wurin za ta samu bit 16 da ɗoriya. Nan ne zurfin bit ya fara shiga maganar da gaske.

Kaushin ya fi ɗaukar lokaci kafin a gano shi. Suka buɗe aikin haɗin na asali, kafin a fitar da shi, suka saurari ƙarshen baiti da ƙarfi sosai. Amsa-kuwwar ta dusashe sumul. Suka buɗe fayil mai bit 16 da aka fitar daga gare shi, suka ɗaga shi daidai haka, kaushin ya bayyana. Ke nan a wurin fitarwa aka haife shi.

Ga yadda abin yake faruwa. A cikin FL Studio, kamar manhajojin haɗa sauti da yawa, ana lissafi ne da bit 32 mai shawagi, tsarin da ke riƙe daidaiton bit 24 ko sauti ya yi ƙasa ko ya yi sama, kuma da wuya ya fashe a ciki. Idan za a sauko da shi zuwa bit 16, dole kowane awo ya faɗa kan mataki mafi kusa. Yayin da sauti yake da ƙarfi, kuskuren ba ya jiyuwa. Amma wutsiyar amsa-kuwwa da ke mutuwa tana kaiwa inda mataki biyu ko uku kawai suka rage mata, sai ta riƙa tsalle tsakaninsu, kuskuren ya riƙa bin sautin sau da ƙafa. Shi ne kaushin. Maganinsa dita: 'yar ƙara ce mai laushi da ake zubawa da gangan kafin saukowa, wadda ke raba kuskuren da sautin, ya koma siririn shuu mara canzawa. A fitarwar Nuwamba ba a kunna dita ba. Abin da ya ƙara tsananta shi, ƙofar rufe sauti da saurayin ya sa ta share ƙarar ɗaki a tsakanin baitoci, alhali wannan ƙarar da kanta tana yin aikin dita. Wutsiyar ta rage ita kaɗai, aka sare ta a bit 16, sannan aka ɗaga saran da desibel 26.

Suka sake fitar da haɗin a bit 32 mai shawagi, suka yi mastarin a kansa. Kaushin ya tafi a take, ba a sayi komai ba. Ƙugin kuwa yana cikin ɗaukar asali, babu hanyar cire shi ba tare da an taɓa murya ba.

## Ƙarshen Fabrairu zuwa 10 ga Maris 2024: sake ɗauka

Saurayin ya je gida ya sami Malam. Ya ce, "Baba, rabin matsalar ta warware. Ragowar sai an sake ɗauka, kuma ba zan karɓi ko kwabo a kai ba." Malam ya yarda da sharaɗin a gama kafin azumi, wanda ya kama ranar 11 ga Maris.

An sauya lokaci zuwa bayan sallar asuba, kafin masu babur da keke-napep su cika titi, kuma kafin zafi ya tilasta kunna fanka. Ana cika batirin laftof tun dare, a yi ɗaukar ba caja ba janareta. An rataya barguna a taga da ƙofa. An daina ɗaukar kowa a zama guda: mandiri daban, muryar Malam daban yana jin mandirin a hedfon, 'yan amshi daban. Malam bai so wannan tsari ba da farko, domin ya saba jin bugun a jikinsa yana ba shi kuzari, kuma yana da hujja. An sasanta da barin mai mandiri ya zauna gabansa yana kwaikwayon bugun da hannu a iska.

Da katin aro aka yi, an saita shi a bit 24 da kilohaz 48 ta direbansa na ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta, saboda za a yi bidiyo kuma 48 ce ƙa'idar bidiyo. An tabbatar manhajar ma a bit 24 ko sama take rubutawa, domin kati mai 24 ba ya amfanar komai idan manhaja tana ajiyewa a 16. An ɗaga ƙarfin makirufo har muryar Malam ta zauna a wajen -20, ƙololuwarta ba ta wuce -12 ba. Mandiri an bar masa sarari, ƙololuwarsa -10. Ƙarar ƙasa ta tsaya a wajen -72. Tazara tsakanin murya da ƙara ta zama desibel 52, inda a Nuwamba take 25.

Dattijon injiniya ya nemi a yi gwaji guda kafin a mayar da katin aro: baiti ɗaya da tsohon kati mai bit 16, a wannan lokaci, da wannan saiti. Tazarar ta fito wajen desibel 48. Bambancin 4 ɗin ma daga sashen da ke ƙarfafa makirufo ya fito, tunda ƙarar ɗakin tana sama da iyakar bit 16 da fiye da desibel 20.

Daga nan duk fayil ɗin da ya ratsa tsakanin haɗi da mastarin a bit 32 mai shawagi ya tafi. An yi mastarin zuwa wajen -14 a ma'aunin LUFS, mai auna ƙarfin waƙa yadda kunne ke jin ta, inda manhajar sauraron waƙa ta Spotify ke daidaita ƙarfin waƙoƙi, ƙololuwa kuma ba ta wuce -1 ba. An fitar da kwafi uku daga uwar aikin kai tsaye: WAV mai bit 24 don ajiya da mai haɗa bidiyo, WAV mai bit 16 da dita sau ɗaya tak a matakin ƙarshe, da MP3 mai 320 don masu turi a kasuwa. Lambar 320 ɗin nan yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa ce, ba ta da alaƙa da zurfin bit, duk da cewa a shagunan turi ana yawan cakuɗa su.

## Afrilu 2024: sakamako

Malam ya saurari waƙoƙin shida a waya, a motar ɗansa, da kuma a sifikar makarantarsa, bai dawo da ƙorafi ba. An saki aikin a makon ƙaramar sallah. Saurayin ya mayar da katin aro, ya ci gaba da tsohon katinsa na wasu makonni da sabon tsarin, masu karatun littafi ba su ji wani bambanci ba. Daga baya ya sayi kati mai bit 24 na hannu, mai matsakaicin kuɗi. Na 32 ɗin bai koma kansa ba.

## Hukunci

Abubuwa uku suka haɗu a aikin Nuwamba, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi girma shi ne wuta da ɗaki, wanda babu ruwansa da bit. Na biyu shi ne ɗauka a ƙasa sosai. Na uku fitarwa a bit 16 ba dita a tsakiyar aiki, wanda saiti ne a manhaja. Babu ko ɗaya daga ciki da sabon kati zai gyara a fayil ɗin da aka riga aka ɗauka, kuma watanni biyu sun tafi a neman gyaran daga can.

Duk da haka ina ganin sayen kati mai bit 24 da ya yi daidai ne, kuma shi zan ba duk mai ɗaukar murya a gida shawara. Tsoron fashewa ne ya sa ya sassauta makirufo tun farko, kuma tsoron yana da tushe: mandiri, kalangu da guɗa ba sa sallama kafin su faɗo. A bit 16, kowane desibel 6 da aka bari a sama don kariya bit guda ne aka rasa daga cikin 16. A bit 24 mutum zai bar desibel 18 a sama, ya rage da fiye da abin da CD ke da shi gaba ɗaya. Wannan sararin ne ake saya.

Lambar 32 a kwali sai an duba ta da kyau. Ko katunan da suka fi tsada ba sa cika desibel 144 na bit 24, mafi kyawunsu suna tsayawa ne a wajen 120 ko sama kaɗan, kusan bit 20, saboda sassan lantarkin da ke ciki suna da tasu ƙarar. Lambar da ta fi faɗin gaskiya a takardar kati ita ce tazarar desibel ɗinsa da tsabtar sashen makirufo. Akwai na'urori irin su Zoom F3 da ke ɗauka a bit 32 mai shawagi ta hanyar haɗa masu juya sauti biyu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, kuma suna da amfani ga mai ɗaukar wa'azi ko taron biki inda ba a samun damar saita ƙarfi. A ɗakin da mutum ke zaune gaban maɓallinsa yana iya cewa a sake, amfaninsu kaɗan ne.

Wanda kuma aikinsa mastarin ne zalla, ana turo masa haɗi yana gyarawa a kwamfuta, zurfin bit na katinsa ba ya shiga fayil ɗin da zai miƙa. Abin da ya kamata ya nace a kai shi ne a turo masa haɗin a WAV mai bit 24 ko 32, ba MP3 ba, kuma idan ta WhatsApp ne a turo shi a matsayin takarda don ya iso yadda aka fitar da shi. Kuɗin da zai kashe a lambar kwali ya fi amfani a hedfon mai kyau da batirin da zai riƙe laftof awa uku.